Tsofaffin jaridun dambe a kasuwar gwanjo

A shafukan gwanjo na Amurka ba a rasa tsohuwar jarida mai kwanan watan 5 ga Yulin 1910, takardarta ta koma ruwan ɗorawa, gefunanta suna marmashewa, an sanya ta cikin leda ana jiran mai taya. Labarin da ke shafin farko shi ne nasarar da Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya riƙe kambun duniya na ajin masu nauyi, ya samu a kan Jim Jeffries, farar fata tsohon mai riƙe da kambun, a garin Reno na jihar Nevada, a turmi na 15.

Abin da ke ɗaga farashin irin wannan jarida ya wuce damben kansa. Tun bayan da Johnson ya karɓe kambun daga hannun Tommy Burns a Sydney a watan Disambar 1908, jaridun fararen fata suka shiga neman wanda zai ƙwato musu shi, har marubuci Jack London ya roƙi Jeffries ya baro gonarsa ya goge murmushin da ke fuskar Johnson. An riƙa buga zanen barkwanci na cin mutunci, kuma da Jeffries ya sha kaye sai tarzoma ta ɓarke a birane da dama, aka kashe mutane, akasarinsu baƙaƙen fata. A 1912 majalisar dokokin ƙasar ta haramta safarar finafinan dambe tsakanin jihohi.

Ba na cikin masu cewa a hana cinikin waɗannan jaridu, domin sau da yawa mai tara kayan tarihi ne ya cece su daga bola bayan da ɗakunan karatu suka ɗauki hotunansu suka rabu da na asali. Abin da ke damuna shi ne yadda dillalai ke yanke shafin farko su sa shi a gilashi, su yi watsi da sauran. A shafukan ciki ne ake samun sharhin edita da wasiƙun masu karatu, da kuma ɗan gajeren rahoton wanda aka kashe a titi a daren, kuma waɗannan su ne shaidar abin da ya faru. Idan aka raba zanen cin mutunci da su, ya zama kayan ado a bangon falo.

Akwai kuma batun muryar wa kasuwar ke adanawa. Jaridun baƙaƙen fata irin su Chicago Defender da Pittsburgh Courier sun ba da labarin yadda ɗan dambe baƙar fata Joe Louis ya kayar da Bajamushe Max Schmeling cikin minti 2 da ɗoriya a New York a 1938 ta fuskar da ta sha bamban da ta manyan jaridu. Irin waɗannan ya kamata jami'o'i da gidajen adana tarihi su riƙa tayawa, su saye su sukutum tun almakashin dillali bai taɓa su ba.