Daƙiƙa arba'in ce ke kayar da yaranmu a JAMB

Duk shekara da zarar sakamakon JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, ya fito, wayata ba ta hutawa. "Malam, yaron nan fa shi ke ɗaukar na ɗaya a ajinsu, amma 160 ya samu." Wata uwa ma cewa ta yi ko hannu aka sa wa 'yarta. Na daɗe ina koyar da lesin yamma a unguwarmu, kuma abin da idona ya gani shi ne yawancin yaran nan sun san karatun daidai gwargwado, agogo ne ke cin su.

Ku yi lissafin da kanku. Tambayoyi 180 ne: Turanci 60, sauran darussa uku kowanne 40. Lokaci awa biyu. Kowace tambaya daƙiƙa arba'in ke nan. A cikin wannan ɗan taƙin yaro zai karanta tambaya da Turanci, ya juya ta zuwa Hausa a kansa, ya gane abin da ake nema, in Lissafi ne ko Fiziks ya yi aiki a takarda, sannan ya zaɓi amsa. Yaron da ya tashi yana jin Turanci a gida ya tsallake matakin juyawar nan, kafin namu ya gama karanta tambaya ta goma shi yana ta ashirin. Shi ya sa nake jin haushi idan uba ya ce in bar Turanci in dage wa ɗansa da Kimiyya tunda likita zai zama. Ranka ya daɗe, da wane yare aka rubuta tambayar Kimiyyar?

Ga kuma kwamfuta. Tun 2015 aka daina rubuta jarrabawar nan da fensir, amma har gobe muna da ɗaliban da ranar jarrabawa ce ranarsu ta farko gaban allon kwamfuta. Na taɓa samun wata yarinya mai kaifin kai wadda ta ɓata kusan minti goma tana kokawa da linzami, kunya ta hana ta ɗaga hannu. Abin takaici, linzamin ma ba dole ba ne. Maɓallan A, B, C, D na zaɓen amsa, N na zuwa gaba, P na komawa baya, S na miƙawa. Abin da za a koya wa yaro cikin yini ɗaya. Hukumar JAMB tana shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske, amma iyaye da yawa sai su ga kuɗinta asara ne, su kuma ɗauki ninkin-ba-ninkinsa su kai wa wani ɗan damfara da ya ce zai turo amsa ta WhatsApp ko zai ƙara maki bayan an gama. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na san za a ce ai tsarin ma yana da matsala. Gaskiya ne. A 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 cikin 400 ba, har shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura, aka sake wa ɗalibai kusan dubu 380 jarrabawa. Sai dai a Legas da jihohin kudu maso gabas abin ya faru. Mu nan ba mu da wannan inuwar da za mu fake a ciki.

Kada kuma mafi ƙarancin makin da ake sanarwa ya ruɗi kowa. An ce 150 don shiga jami'a a 2025, amma mai neman likitanci ko lauya a jami'ar ABU Zariya ko BUK Kano ya san 150 ko bakin ƙofa ba za ta kai shi ba.

Nawa ɗaliban tun suna SS2 nake farawa da su. Kullum shafi biyu na Turanci da murya, jarida ce ko littafin labari, ba ruwana, in dai ido ya saba gudu a kan layi. Muna sauke manhajar karatun JAMB, wato silabus, mu bi ta kanu bayan kanu, don ba duk abin da ke cikin littafin makaranta ake tambaya ba. Tsofaffin tambayoyi kuwa ba na yarda a haddace amsarsu; duk wadda ka faɗi sai ka gaya mini dalilin da ya sa ka faɗi. Tambayar da ta cije ka wuce ta ka dawo daga baya, kuma kada ka bar ko ɗaya babu amsa, tunda ba a rage maki don kuskure.

Ranar Asabar nake kwashe su zuwa shagon kwamfuta na bakin titi, mu haɗa kuɗin awa biyu, in ajiye wayata a tebur tana ƙirga lokaci. Satin farko da wuya ka ga wanda ya wuce tambaya ta 120 kafin ta yi ƙara. Asabar mai zuwa ƙarfe tara za mu shiga, akwai sauran kujera huɗu.