Manhajar fulo saitometiri ta ishe ni wallahi

Wai don Allah me muka tsare wa manhajojin nan na nazarin fulo saitometiri ne, wato auna ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya da hasken leza? Ka wuni kana zana geti, wato shingen da kake zagaye ƙwayoyin da kake so da shi a jikin giraf, ka ware limfosayit (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini), ka cire ƙwayoyin da suka manne biyu-biyu ta hanyar gwada FSC-A da FSC-H (ma'aunai biyu na hasken da ƙwaya ta watsa), ka cire matattu, washegari kawai don ka matsar da folda sai manhajar ta ce ba ta ga fayilolin FCS ɗinka ba, wato na bayanan da inji ya fitar, alhali ga su nan tana kallonsu kana kallonsu! To ka nemo mata su ɗaya bayan ɗaya, sai getin ya ƙi hawa samfurin wai wannan inji ya rubuta FITC-A wancan ya rubuta FL1-A, kala ɗaya fa, amma ita a wajenta baƙi ne ba ta san su ba. Kwamfansheshan kuwa, wato gyaran kalar da ta shiga ma'aunin wata kalar, kar ma a tada maganar, kalar FITC ta malale cikin ta PE kamar kwata ta ɓalle, ka ɗan gyara lamba ɗaya rabin ƙwayoyin su gangara ƙasan sifili su lafe jikin layi saboda sikelin log bai san nagetif ba, sai ka koma sikelin bayekspo da ya san nagetif kana ja kana saki. Ka kunna t-SNE mai zana taswirar ƙwayoyi masu kama da juna, fankar kwamfuta na kuka, a kashi 99 ta daskare, ka sake ta fito da wata taswira daban. Kuma daidai daren da za ka miƙa sakamako ne lasin manhajar zai tuna ya ƙare, wai wa ya aike shi?