Alhaji Bakano Ya Zama Shugaban Baƙi A Rotorua

(Jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya tsaya a tashar Tauranga, ƙasar Niyu Zilan. Bas ta kwashi fasinjoji, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci zuwa Rotorua. Ga su tsaye a ƙofar marae, filin taron 'yan Maori, 'yan asalin ƙasar.)

Bakano: Malam, wa ya fasa ruɓaɓɓen ƙwai? Ko daga Zariya ka taho da shi?

Bazazzagi: Warin farar wuta ne, Alhaji. Ruwan zafi ke tafasa a ƙarƙashin garin nan.

Bakano: Ga wari, ga shi an raba ni da kilishina a tasha.

Bazazzagi: Ka gode Allah da ka jefa shi a kwandon da jami'an tasha suka ajiye. Nama, zuma da 'ya'yan itace ba a sauka da su daga jirgi. Da karensu ya shinshino shi a aljihunka, tarar ta fara daga dala 400 ta ƙasar.

Hajiya: Alhaji, jagora kai yake nunawa.

Bazazzagi: An zaɓe ka shugaban baƙi.

Bakano: Sun ga babbar riga, sun san manya. Nawa ne albashin?

Bazazzagi: Babu ko kwabo. Saurara. Jarumi zai fito da doguwar sanda, taiaha, yana tsalle, yana zare ido, yana zaro harshe. Wannan shi ne wero, gwaji ne a ga ko lafiya ta kawo ku. Zai ajiye ganye a gabanka. Kada ka yi dariya, kada ka ɗauke ido daga kansa, kada ka juya masa baya. Ka sunkuya ka ɗauka, ka ja da baya a hankali.

Bakano: In na ƙi ɗauka fa?

Bazazzagi: A da can, ka ce yaƙi ka zo yi ke nan.

(Jarumi ya fito da ihu, sanda na kaɗa iska.)

Bakano: Innalillahi! Malam, na yi murabus!

Bazazzagi: Ya ajiye! Sunkuya!

Bakano: Hulata ta faɗi!

Bazazzagi: Bar hula, lalubi ganye!

Bakano: Na samu!

Hajiya: Hular ce a hannunka, Alhaji.

Bakano: Ai shi ya ce kada in kalli ƙasa!

(A lalube na uku ganye ya shiga hannu. Wata dattijuwa ta ɗaga murya da dogon kira.)

Bazazzagi: Karanga ke nan. Mace ce ke yin sa, kuma sai an yi shi baƙi ke shiga. Mata a gaba, maza a baya, tafiya a hankali, ba hira. A tsakiyar fili za mu tsaya, mu sunkuyar da kai don tunawa da mamata.

Bakano: Hajiya, ina za ki gabana?

Hajiya: Shekara talatin ina bin bayanka. Yau ka bi nawa.

Bazazzagi: Kwantar da hankalinka, in an zo zama maza ne a layin gaba. Tuɓe takalmi a bakin babban ɗakin nan, wharenui. Kuma tofar da cingam, ba a ci ba a sha a ciki. Alhaji! Fito da takalmin daga hammata!

Bakano: Sabo ne fa.

(An zauna. Dattijon gari ya yi jawabi, mutanensa suka tashi suka yi waƙa.)

Bazazzagi: Kowane jawabi waƙa ke bin sa. In ka gama naka, mu ma sai mun tashi mun yi.

Hajiya: To ku yi, amma banda shi. Ko yaro yake rarrashi da waƙa, kukan ƙaruwa yake.

Bakano: Bari in rufe da kuɗi. Wa zan fara liƙa wa?

Bazazzagi: Ba a liƙi! Kyautar, koha, a ambulan take. Mai jawabin ƙarshe ke ajiye ta a ƙasa, masu gida su zo su ɗauka. Mayar da canjin aljihu. Saura hongi, gaisuwarsu. Ka miƙa hannun dama, ka matsa, hancinka ya taɓa nasa a hankali. Wasu sau ɗaya, wasu sau biyu, ka bi yadda ya yi. Dannawa ake, ba gogawa ba. Cire tabarau.

(Ƙum!)

Bazazzagi: Na ce dannawa, ban ce karo ba!

Hajiya: Malam, na ga har da mata a layin can.

Bazazzagi: Tun a bas na gaya wa jagora, ya sanar da su. Alhaji zai dafa ƙirji ya gaishe su kawai.

Bakano: Ai da ba ka wahalar da kanka ba.

Hajiya: Me ka ce?

Bakano: Na ce Allah ya saka masa.

Bazazzagi: Sai an ci abinci baƙunci ke ƙarewa. Hangi ne: a gasa duwatsu, a jera kwandunan nama, dankali da kabewa a rami, a rufe awa uku zuwa huɗu. Sau da yawa da alade a ciki, kuma tururi ɗaya ke dafa su, don haka mu kifi na sa aka yi mana daban. Ka ci da sauri, in bas ta bar mu jirgi ba ya jiran kowa.

Bakano: Tsaya tukuna. Yaron nan mai sanda, tambaye shi nawa zai karɓa a wata ya yi min gadin shago a Kantin Kwari.