Kaya na keke ne, ba na gadon baya ba

Wani ƙanenmu da ya zo karatu nan Utrecht, a ƙasar Holan, a watan Satumba ya turo min hotunan jakunkunan goyo guda uku, ya ce, "Yaya, na samu keke, wacce zan saya a cikin waɗannan?" Ban zaɓa masa ko ɗaya ba. Cewa na yi ya fara ɗauko min hoton keken tukuna, ta baya, in ga ko yana da kariya, wato ƙarfen ɗora kaya. Da ya turo na ga yana da ita, mai ƙwari ma kuwa, sai na ce masa ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya zo gida ranar Asabar mu yi magana.

Abin da na faɗa masa shi ne zan faɗa a nan, domin na lura kusan duk ɗanmu da ya zo ƙasar nan ta hanya ɗaya yake bi. Ra'ayina shi ne, mutumin da ke taka keke kullum zuwa aiki ko makaranta, bai kamata jakar goyo ta zama zaɓinsa na farko ba. Keken ne ya kamata ya ɗauki kaya. Mun san wannan tun a gida, sai da muka zo Turai muka manta.

Shekara shida ke nan ina tafiya daga unguwar Overvecht zuwa Uithof, inda jami'a da babban asibiti suke, wajen kilomita 8 zuwa, 8 dawowa. Shekarar farko duk da jakar goyo na yi ta. A ciki akwai kwamfutar aiki da cajarta, kular abinci, 'yar dadduma, rigar ruwa da wandonta, sannan ga sarƙar kulle keke. Wata rana na ɗora jakar a ma'auni, kilo 7 da ɗoriya. A watan Nuwamba, ana sanyin da yatsu ke ƙagewa, zan isa wurin aiki in cire jaka, in tarar bayan rigata sharkaf da gumi, shatin jakar ya fito raɗau. Gaba sanyi, baya zufa, kuma da rigar nan zan wuni. Kafaɗata ta dama ta riƙa ciwo har cikin wuya. Abin da ya fi damuna ma shi ne waiwaye. A hanyar keke ta nan, kafin ka wuce wani ko ka karya kwana dole ka waiga, domin akwai masu keken lantarki da ke tahowa a guje ba ƙara. Jakar da ta cika ta tokare ƙeya ba ta barin mutum ya waiga yadda ya kamata.

Sai kuma ruwa. Ruwan da ake samu a Holan a shekara bai yi nisa da na Kano ba wajen yawa, amma halinsu daban. Namu yana da damina, yana da hadari, yana sanarwa. Kana ganin gabas ta yi baƙi ka nemi rumfa ka fake, ya zuba ya ɗauke, ka ci gaba da tafiya. Na nan ba ya da lokaci. Yayyafi ne mai naci, iska na turo shi ta gefe, yana iya wuni yana yi, kuma ba wanda zai karɓi uzurin cewa ruwa ne ya tsare ka. Jakar da na saya da araha a wani kanti an rubuta mata cewa ba ta shan ruwa. Yadin kam bai sha ba. Ta zif ruwan ya bi, da ramukan allura na ɗinki. Na buɗe jakar na tarar littafin da na yi wata uku ina rubuta bayanan aiki a ciki ya kumbura, tawada ta malale, shafuka sun manne da juna. Na zauna ina ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya a kan hita, wasu na yagewa a hannuna. Allah ya taimake ni kwamfutar tana cikin leda.

Wata dattijuwa maƙwabciyata, wadda ta haura shekara 70, ita ta dawo da ni hanya ba tare da ta ce komai ba. Na gan ta ta dawo daga cefane, bayanta a miƙe, ba komai a jikinta, amma a bayan kekenta akwai jaka biyu haɗe da juna, an ratayo su a kan kariya, ɗaya dama ɗaya hagu. Dankali, madara, burodi, har da furanni suna leƙowa. Na tsaya ina kallo, na ce a raina, wannan ai mangala ce! Mangalar da ake ɗora wa jaki a kai taki gona ko a ɗebo yashi, ita ce sak, yadi kawai aka sauya. Su nan suna kiranta fietstas, wato jakar keke, kuma da wuya ka bi layi ɗaya ba ka ƙirga goma ba.

Daga nan na tuna keken Babanmu, Allah ya jiƙansa. Raleigh ne baƙi, irin mai ƙarfen tsakiya, wanda a da har masana'antar haɗa shi akwai a Kano. Ban taɓa ganin Baba ya goya kaya ba. A kariyar keken kullum akwai roba da aka yanka daga tsohon tif, an naɗe ta. Rabin buhun gero, kwalin sabulu, tabarma, duk can suke hawa. Zai ja robar nan ya zagaya sau uku, ya girgiza kayan da hannu ya ji ko sun zauna, sannan ya ce, "Kai, riƙe min kan keken nan." Ka duba mai gawayi da ke shigowa gari da asuba, da mai itace, da mai burodi da akwatinsa na katako, da mai kai jarkoki. Mutanen da keke ne abincinsu, babu ko ɗaya a cikinsu da ke ɗora nauyi a bayansa. Ba wani ne ya koya musu a aji ba. Sun san idan nauyi ya yi ƙasa keke ya fi zama daram, kuma bayan da iska ke bugawa shi ke iya tafiya mai nisa.

To me ya sa muke zuwa nan mu watsar da wannan sani? Ina ganin kunya ce muka taho da ita. A gida an mayar da keke alamar rashi, ɗaure kaya a kariya kuma alamar ƙauyanci, ita kuwa jakar goyo ta 'yan boko ce. Wannan tunani ba shi da kasuwa a ƙasar da kekunanta suka fi mutanenta yawa, inda Mark Rutte yana firaminista yake zuwa ofis a keke, ranar da ya bar mulki ma a 2024 a keke ya tafi. Lauyoyi da likitoci da kwandon roba suke yawo a gaban keke, irin wanda muke zuba kwalaben lemo, ba wanda ya kalle su.

Jakar keken da nake amfani da ita yanzu ta kamfanin Ortlieb ce na Jamus, mai cin lita 20. Ba talla nake musu ba, akwai Vaude, akwai Basil na nan Holan, duk suna yin masu kyau. Abin da nake so mutum ya duba shi ne yadda aka yi ta. Ba ta da zif ko ɗaya. Bakinta naɗe shi ake yi sau uku kamar bakin buhu, a ɗaure. Ba a ɗinke gaɓoɓinta da zare ba, narka su aka yi aka haɗe, don haka ruwa ba shi da ƙofa. Tana da ƙugiya biyu da ke kama ƙarfen kariya, in ka ja hannunta sama sai su saki. Shekara biyar ke nan, ko ɗigo bai taɓa shiga ba. Sabuwa da tsada, guda biyu sun haura Yuro 100, amma su ma nan suna da gwanjonsu. A shafin saye da sayarwa na Marktplaats ko a shagunan kayan gwanjo da ake kira kringloop ana samun ta hannu, kuma irin wannan kaya tsufa ba ya kashe shi da wuri. Abu ɗaya, ka matsar da ita baya sosai a kan kariya, in ba haka ba diddigenka zai riƙa dukanta duk juyin feda.

Tana da nata aibun, ba zan ɓoye ba. In ka sauka daga keke ba ta da daɗin ɗauka, tana bugun ƙafa, gefen da ke kallon taya kuma kullum da taɓo. Ba kuma za ka bar ta a jikin keke ka shiga wani wuri ba.

A nan ne jakar goyo take da gurbinta, kuma na yarda da shi. Wanda zai ajiye keke a tashar jirgin ƙasa ta Utrecht, a wurin ajiyar nan mai hawa uku da ke cin keke 12,500, ya hau jirgi zuwa Amsterdam ko Rotterdam, ya sauka ya yi tafiyar ƙasa, ya hau bene ya sauka, shi kam goyo ya fi masa. Haka wanda tafiyarsa ba ta wuce minti goma ba. Akwai kuma hujjar da masu goyo ke kawowa wadda gaskiya ce: a titunan tsakiyar gari da aka shimfiɗa da bulo, jijjigar da kwamfuta ke sha a kariya ta fi wadda take sha a bayan mutum. Ni ina naɗe tawa cikin rigar sanyi, shi ke nan.

In dai goyon za a yi, to a koya wajen iyayenmu mata. Duk wanda ya taɓa kallon uwa za ta goya ɗa ya san ba rataya shi take yi ba. Tana sunkuyawa, ta daidaita shi a tsakiyar baya, ta ɗaure zani a ƙirji, ta kawo majanyi ta ƙara tamkewa ta ƙasa. Shi ya sa take daka, take shara, yaro bai karkace ba. Jakar goyo ma haka take so. Dole ta zama da igiyar ƙirji da ta ƙugu, ta manne a jiki, kada ka miƙe tsaye a kan feda ta riƙa lilo tana jan ka gefe. Kada ta wuce lita 20, domin babbar jaka kiran kaya take yi, kullum sai ka cika ta. In za ka gwada a kanti, ka sa a zuba mata nauyi, ka sunkuya kamar kana kan keke, ka ɗaga kai, ka waiga dama da hagu. In ta taɓa ƙeyarka, ajiye ta. Masu raga a baya, irin wadda Deuter ke yi da ke ɗage jakar daga jiki don iska ta ratsa, suna rage gumi, amma kada wani ya ce maka suna hana shi. Sarƙar kulle kuwa a jikin keke ake naɗe ta. Ƙarfe mai kilo biyu a saitin ƙashin baya, ranar da aka faɗi shi zai fara yin ɓarna.

Akwai kuma maganar duhu, wadda mu ba mu saba da ita ba. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura, huɗu da rabi ta faɗi. Da duhu za ka fita, da duhu za ka dawo. Doka ta wajabta fitila fara ko rawaya a gaba, ja a baya, kuma an yarda a maƙala ta bayan a jikin jaka, muddin ba mai ƙiftawa ba ce. Baƙar jaka a kan baƙar riga, cikin ruwa da dare, direba ba zai gan ka ba sai ya zo dab. A nemi mai ƙyalli ko mai launi, ko da ba ta burge ido ba.

Da a Kano nake wannan tafiya, lissafin zai sauya, amma ba zai koma wajen goyo ba. Can abokan gaba zafi ne da ƙura. A watan Afrilu, rana na kai maki 40, jakar tamfol a baya murhu ce. Ƙurar hunturu kuwa ita ke cinye haƙoran zif, wata biyu ya fara tsallake. Sai dai mangala mai faɗi ma tana da haɗari a cunkoson Ƙofar Wambai ko titin Sabon Gari, inda adaidaita sahu ke gogar ka ta ko'ina, kuma jakar da ke cirewa da jan hannu ɗaya ta yi wa ɓarawo sauƙi. Can siririya ta fi, wadda aka ɗaure ta dindindin, ko ƙaramin akwati mai kwaɗo a kan kariya. Waɗanda suke ba ni tausayi su ne yaran makaranta. Yaro ɗan shekara 12, ya goya jaka fal da littattafai, ya hau keken da ya fi ƙarfinsa, yana tafe a karkace, ga kariya a bayansa ba komai a kai.

Zuwana gida na ƙarshe na tafi da jakata, na kai wa wani mai ɗinkin tamfol, irin masu yin rumfar mota. Ya juya ta ciki da waje, ya shafa gaɓoɓin da yatsa, ya ce, "Alhaji, wannan narkawar ba mu da injinta, amma zan ninka ɗinkin in liƙe shi da gam ta ciki." Ƙugiyar ce ta tsaya masa, sai muka bar ta, ya yi guda biyu haɗe da juna kamar ta dattijuwar nan, da igiyoyin ɗaurewa a ƙasa. Kwana biyu ya gama, da ragowar tamfol shuɗi. Ɗan yayata ne ke zuwa makaranta da ita yanzu, damina ɗaya ta wuce a kanta littattafansa ba su jiƙe ba, kuma mahaifiyarsa ta ce abokansa biyu sun je an yi musu.

Shi kuwa ƙanen namu, da ya zo ranar Asabar, na cire tawa na maƙala a kekensa, muka zuba littattafansa, na ce ya zagaya unguwa ya dawo. Ya dawo yana juya kafaɗu, ya ce, "Yaya, kamar ban ɗauki komai ba." Mun samo masa ta hannu guda ɗaya a Marktplaats, ja, an ɗan goge ta a kusurwa. Tsohuwar jakar goyon da ya taho da ita daga gida ya bar ta don ranakun da zai hau jirgi.