Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: tsoffin 'yan ƙwallo, barasa da jaridun tsegumi

Duk lokacin da aka yaɗa hoton wani tsohon ɗan ƙwallon Ingila yana tangaɗi a bakin titi, fuska a kumbure, leda a hannu, sai mutane su rabu gida biyu. Wasu su ce shi ya ja wa kansa, wasu su ce 'yan jarida ne suka gama da shi. Ni dai ba na tare da ko ɗaya. Babu jaridar da ta ɗura wa George Best, tsohon tauraron Manchester United, giya a baki. Garrincha, wanda ya ci wa Brazil Kofin Duniya a 1958 da 1962, ciwon hanta ya kashe shi a 1983 yana da shekara 49, nesa da jaridun Landan. Laifin jaridun tsegumi wani ne daban: ranar da mashayi ya koma wa kwalba suke samun ciniki, ranar da ya daina ba su da labari, kuma hanyar da suke bi su samo labarin tana rusa abubuwan da mai neman warkewa ya fi buƙata, wato sirri da mutanen da zai amince wa.

Shaye-shayen ba bayan ritaya yake farawa ba. A ƙwallon Ingila na shekarun 1980 da farkon 1990, shan giya tare wani ɓangare ne na zama ɗan ƙungiya. A Arsenal har taron Talata ake yi: a gama atisaye, a wuce mashaya, tunda Laraba hutu ce. Kyaftin ɗinsu Tony Adams ya faɗa wa katanga da mota a 1990, aka auna jininsa aka samu barasar ta haura ninki huɗu na abin da doka ta yarda direba ya sha. A watan Disamba aka yanke masa wata huɗu, ya yi kusan biyu a gidan yari, ya fito ya koma fili, Arsenal ta ɗauki kofin lig a 1991. Da a ce kunya a bainar jama'a tana maganin jaraba, da a nan Adams ya daina. Sai da ya ƙara fiye da shekara biyar yana sha.

'Yan wasan wancan zamani sun yi imanin cewa gumi na fitar da giya, wai idan ka yi gudu da safe ka jiƙe sharkaf, shi ke nan. Ba haka ba ne. Hanta ce ke sarrafa kusan dukkan barasar, kuma ba a sa ta sauri. A ma'aunin Birtaniya, yunit ɗaya shi ne mililita 10 na tsantsar barasa, hanta kuma tana ɗaukar kimanin awa guda kafin ta gama da yunit ɗaya. Babban kofin giyar mashaya mai ƙarfin kashi 4 cikin ɗari ya kai yunit 2.3. Wanda ya sha goma a dare ɗaya ya zuba wa cikinsa yunit 23, aikin kusan kwana guda ga hantarsa. Kenan da safe a buge yake atisaye, ƙuruciya da ƙarfin jiki ne kawai ke rufa masa asiri. Kwalbar wuski mai santilita 70 kuwa yunit 28 ce, ninki biyu na yunit 14 da likitocin ƙasar suka ce kada a wuce a mako.

Ranar da ɗan wasa ya jingine takalmansa, yawanci yana da shekara talatin da 'yan kai, duk abin da ke taka masa birki ya tafi a lokaci ɗaya. Babu kocin da zai shinshina bakinsa ƙarfe goma na safe, babu wasan Asabar da zai sa ya haƙura daga Alhamis, babu likitan ƙungiya. Abin da ya rage masa shi ne gwiwa mai ciwo, rashin barci, dogon yini babu aiki, da magoya baya masu ganin saya masa kofi ɗaya girmamawa ce. Binciken da ƙungiyar 'yan ƙwallo ta duniya FIFPRO ta fitar a 2015 ya nuna kashi 9 cikin ɗari na masu buga wasa suna shan barasa fiye da kima, amma cikin waɗanda suka yi ritaya adadin ya kai kashi 25.

Masu cewa “ai sai ya daina mana” ba su san yadda abin yake a jiki ba. Barasa tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar wanda ya shekara yana sha kullum sai ta ƙara wa kanta wuta don ta daidaita. Idan aka janye barasar farat ɗaya, wutar ce kaɗai ke rage. Daga awa 6 zuwa 24 hannu zai kama rawa, ga gumi, ga amai, ga bugun zuciya. Tsakanin awa 12 zuwa 48 yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. A rana ta biyu zuwa ta huɗu wasu sukan shiga ruɗewa, su riƙa ganin abin da babu, jiki ya yi zafi, kuma wannan matakin yana kisa idan babu likita kusa. Shi ya sa ake yaye mai tsananin jaraba a ƙarƙashin kulawa. Ana ba shi maganin kwantar da jijiya irin chlordiazepoxide, a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan cikin mako guda zuwa kwana goma, a haɗa da bitamin B1, domin mashayi ba ya cin abinci sosai kuma rashin wannan bitamin na iya lalata masa tunani har abada. Lokacin da abokan tsohon ɗan wasan Ingila Paul Gascoigne suka haɗa kuɗi suka kai shi wata cibiya a Arizona ta Amurka a 2013, sai da aka kwantar da shi a sashen kulawa ta musamman tun a wannan matakin na farko.

Kuma wannan wankin jini ne kawai, ba warkewa ba. Bayansa akwai watanni na zama da masu ba da shawara, da taron mashayan da suka daina, da magunguna: acamprosate da naltrexone suna rage ƙwaɗayin, disulfiram kuma yana sa mutum ya galabaita da amai da bugun zuciya in ya kurɓa. An dasa wa Best irin wannan na ƙarshe a jiki, bai hana shi ba. Komawa ruwa bayan wata uku ko shekara guda abu ne da likitocin fannin suka saba gani, kuma abin da suka fi so shi ne mutum ya kira waya washegari ya ce na zame, a tare abin tun yana kwana ɗaya. Wanda ya tashi ya ga hotonsa a shafin farko na jaridar da miliyoyi ke karantawa ba waya zai ɗauka ba. Labule zai ja, ya aika a sayo masa wata kwalbar.

Ga yadda cinikin ke tafiya. Mai sayar da giya, ko maƙwabci, ko direban tasi, ko wani da ke kiran kansa aboki ya kira teburin labarai, a biya shi ladan tsegumi. A tura mai ɗaukar hoto ya fake a mota kusa da gidan ko kantin da mutumin ke sayayya. A ɗauki hotuna barkatai, a zaɓi wanda ido ya lumshe, baki ya karkace. Sai a zuba labarin da kalaman tausayi, a ce “abokai sun damu”, ba tare da an faɗi ko su waye abokan ba. Bayan mako biyu a dawo wa mutumin da tayin kuɗi ya ba da nasa ɓangaren. Shi kuwa ba ya da albashi yanzu, sai ya karɓa, kuɗin kuma kowa ya san inda za su tafi. In ya shiga asibiti an samu labari na uku, in ya fito na huɗu. Haka aka yi ta yi da Kenny Sansom, wanda ya buga wa Ingila wasa 86, lokacin da ya kai ga kwana a kan benci a wurin shaƙatawa.

Mafi muni shi ne satar sauraron saƙonnin waya. Ba wata fasaha ba ce: mutum ɗaya ya kira layin ya riƙe shi, na biyu ya kira a tura shi akwatin saƙon murya, ya danna lambar sirrin da kamfani ya sa tun farko, wadda yawancin mutane ba sa canzawa. A 2015 Babbar Kotun Landan ta umarci kamfanin jaridun Mirror ya biya Gascoigne diyyar fam 188,250 saboda an shafe shekaru ana yi masa haka. Ya gaya wa kotu cewa ya kai yana tsoron magana da kowa a waya, har iyalinsa. Ku duba abin da wannan ke yi wa mashayi. Ya gaya wa mutum ɗaya tak sirrinsa, jibi ya gani a jarida. Wa zai zarga in ba wannan mutumin ba? Da haka yake korar uwa da ƙanwa da aminin da za su iya riƙe shi, ya rage daga shi sai abokan mashaya. Da Gascoigne ya ce ana sauraronsa, mutane suka ɗauka giya ce ta taɓa masa kai, alhali gaskiya yake faɗa.

Jaridun kuma ba su da alƙibla ɗaya a kan giyar kanta. Gab da gasar Turai ta 1996 aka buga hotunan 'yan wasan Ingila a wani kulob a Hong Kong, ana kwantar da su a kujerar likitan haƙori ana tuttula musu barasa a baki. Aka yi wa Gascoigne ca, aka ce a kore shi. Da ya zura wa Scotland ƙwallo a Wembley a wannan gasar, ya kwanta a ƙasa abokansa suka fesa masa ruwa a baki don kwaikwayon kujerar, sai Daily Mirror ta buga masa neman afuwa, abin ya zama raha. Shan da aka zage shi a kai jiya ya koma jarumtaka yau, saboda ƙwallo ta shiga raga. Ba jaridun tsegumi kaɗai ba ma: a 1990 BBC ta bar Best ya hau shirin hira kai tsaye a buge, ƙasa duka tana kallo.

A yi adalci, akwai lokacin da fallasa ta yi rana. Paul Merson na Arsenal da kansa ya kai labarinsa jarida a 1994, ya amsa cewa giya da hodar iblis da caca sun ci ƙarfinsa, hukumar ƙwallon Ingila ta tura shi jinya ya dawo ya ci gaba da wasa. Best ma, da aka yi wa dashen hanta a 2002 ya koma sha, shi ya nemi jaridar News of the World ta buga hotonsa a gadon asibiti, jiki ya yi ɗorawa, da saƙon kada kowa ya mutu irin mutuwarsa. Ya rasu ranar 25 ga Nuwamba 2005 yana da shekara 59. Bambancin a fili yake: a nan mai ciwon ne ya zaɓi ranar da zai yi magana da abin da zai faɗa.

Abin da ya fi yin aiki kuwa ba a shafin farko aka yi shi ba. Gerd Müller, mai ƙwallo 68 a wasa 62 da ya buga wa Jamus ta Yamma, ya dawo Munich daga Amurka babu sana'a, ya nutse a giya. A 1991 tsoffin abokan wasansa a Bayern, su Uli Hoeness da Franz Beckenbauer, suka matsa masa ya shiga asibiti. Da ya fito ba su sallame shi da addu'a kawai ba, suka ba shi aikin horar da matasan ƙungiyar daga 1992, ya yi fiye da shekara ashirin a kai. Wato an mayar masa da abin da ritaya ta ƙwace: wurin zuwa kowace safiya da mutanen da za su lura in bai zo ba. Jimmy Greaves, tsohon ɗan wasan gaban Ingila, ya ajiye kwalba a 1978, ya samu aikin talabijin da rubutu a jarida, bai sake komawa ba har ya rasu a 2021. Adams da ya daina a 1996 ya kafa cibiyar Sporting Chance a 2000 a Hampshire, ƙungiyar 'yan ƙwallon Ingila PFA tana cikin masu ɗaukar nauyinta, kuma jarinta na farko shi ne ba a jin sunan wanda ya shiga.

Za a ce ai an gyara. An rufe News of the World a Yulin 2011, kwamitin Leveson mai binciken halayen jaridun Birtaniya ya zauna ya ba da rahoto a 2012, aka kafa hukumar IPSO mai sa ido kan jaridu a 2014. Ƙa'idar editoci ta hana kutsawa cikin lafiyar mutum, ta hana naci da bibiya, ta ce ɗan jarida ba zai shiga ɗakin marasa lafiya ba sai da izini. Amma akwai ƙofar “amfanin jama'a” da ake bi a fice, kuma mutumin da ke tsaye a bakin titi da wuya ya ce an keta masa sirri. Ni ban ga amfanin jama'a a hoton wanda ya bar fili shekara ashirin da suka wuce, ba ya riƙe da muƙamin kowa, ba tuƙi yake yi ba. In ya tuƙa mota a buge aka kai shi kotu, wannan labari ne, a buga.

Yanzu ma editan ba ya buƙatar tura kowa. Wani ne zai gamu da tsohon ɗan wasan a mashaya ko a jirgin ƙasa, ya saya masa kofi, ya jira harshe ya yi nauyi, ya kunna kyamarar waya. Kafin gari ya waye bidiyon ya zaga Facebook da TikTok da WhatsApp, jaridar ta kwafa ta ce ai “ya riga ya yaɗu”. Ƙa'idar IPSO jaridun da suka sa hannu kawai ta ɗaure. Ba ta shafi wanda ya ɗauki bidiyon ba, ba ta shafi wanda ya tura shi zauren abokai da alamar dariya ba.