Shekara 12 muka yi muna jiran Dragon's Dogma 2

Malam marubuci, a rubutunka kan wasan bidiyo na Dragon's Dogma 2 ka ce wasan bai zo da wani sabon abu ba. Mu da muka buga na farko ba sabo muke nema ba. Kamfanin Capcom ya fitar da na farkon a 2012, ni kuwa a wani shagon gem a Tudun Wada na fara taɓa shi, kan tsohuwar na'urar wasa ta PS3 mai zafi kamar murhu. Har gobe ba na manta ranar da na ɗafe bayan griffin, wani dodo mai fukafukai, ya tashi sama da ni, ƙarfina na ƙarewa, yaran shagon na ihu, "Yaya, kar ka sake shi!" Da na biyun ya fito a Maris 2024, abin da na fara nema ke nan, kuma na same shi.

Doguwar tafiyar ƙasa da kake kuka da ita, da keken shanun da dodanni ke tarewa a hanya, ai nan daɗin yake. Hideaki Itsuno, daraktan wasan, da gangan ya tsara shi haka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kuɗi ne. PS5 ta fi ƙarfin yawancinmu, ga kuɗin data na sauke wasan. A gidan abokina a Kawo muke haɗuwa mu buga duk Asabar, in an kawo wuta.