Dokin da ya bar gidana a bayan riga

Ban daɗe da yin ritaya ba uwargida ta gaji da ganina. Na gyara rediyon da bai lalace ba, na fara ƙirga sau nawa ake buɗe firiji. Ranar da na ba ta shawara kan yadda ake shara, sai ta ce, "Malam, don Allah ka nemi abin yi." Ta jefo mini wani tsohon littafina na firamare da ta tsinta a akwati. Lissafi a gaba, duk jan biro. Dawakai a baya, shafi bayan shafi. Ashe ni mai zane ne, aikin ofis ya ɓoye ni.

Na ƙara samun ƙwarin gwiwa da labarin Grandma Moses ta Amurka, wadda ciwon gaɓoɓi ya raba da aikin allura, ta kama burushi tana kusan shekara 80, ta yi suna, ta kuma rayu har 1961 tana da shekara 101. Na ce to ni ai yaro ne.

Mai sayar da kayan zane ya ce mai koyo da fentin akirilik yake farawa, ana wanke shi da ruwa, yana bushewa cikin mintoci. Na tambaye shi da me manyan masu zane na dā suka yi aiki. Ya ce fentin mai. Na ce shi za a ba ni.

Na zana doki a kan ƙyalle. Ja ya yi yawa na ƙara kore, kore ya yi yawa na ƙara shuɗi, kafin azahar komai ya koma kalar taɓo, ai haka launuka suke yi in an tara su duka. Jikata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kaka, teburin nan me ya sa yake da wutsiya?"

Wannan duk mai sauƙi ne. Fentin mai ba ya bushewa irin na wanki a igiya. Man da ke cikinsa sai ya sha iska a hankali yake daskarewa, kwanaki ke nan, in ka lafta shi da kauri kuwa sai watanni. Ni kuma na lafta, don na ga kamar kauri shi ne gwaninta. Na kunna masa fanka, ƙura da ƙwari suka samu masauki. Sai na kwantar da zanen a kan kujerar falo, inda nake ganin ba mai taɓa shi.

Da yamma wani tsohon abokin aikina ya zo, cikin fararen kaya masu guga. Ina can ina fama da burushi da sabulu, sai na ji uwargida tana cewa, "Bismillah, Alhaji, ga wuri."

Mun yi hira mai tsawo, ni ina gumi, shi yana zayyana mini matsalar fansho, yana ta gyara zama. Duk gyarawar da ya yi sai na ji ta a ƙirjina. Da ya miƙe ya juya zai fita, jikata ta daka tsalle: "Kaka, doki! Ga doki nan!"

Wallahi ya fi na kan ƙyallen kyau. Mutsu-mutsun Alhaji ya miƙar da wuya, ya fitar da geza, ya daidaita ƙafafun da suka gagare ni. Na roƙe shi ya sayar mini da rigar, ya dube ni bai ce uffan ba. Washegari ya aiko yaro da ita a leda, da saƙon cewa in wanke in mayar, sauran maganar kuma sai ya huce.